Inuwar Giginya: Madatsar Tiga da Randar Gidan da ke Gefenta

Gabatarwa

Duk wanda ya nemi labarin Tiga a rubuce, da lissafi za a tarye shi. Za a shaida masa cewa an fara ginin madatsar a 1971, aka kammala a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo. Za a ce masa an tare Kogin Kano da bango mai tsawon kusan kilomita 6 da tsayin mita 48, kimanin kilomita 70 kudu da birnin Kano, kuma tafkin da ya taru ya mamaye murabba'in kilomita 178. Waɗannan alƙaluma gaskiya ne, kuma suna da amfaninsu. Sai dai mai karatu zai rufe takarda bai ji yadda uwargida a garin Tiga take cika randarta da safe ba, bai san sunan gonar da kakan mijinta ya bari a ƙarƙashin ruwa ba, bai kuma san abin da ya sami rani a gidan manomi tun ranar da rani ya zama lokacin shuka ba.

Ra'ayin wannan maƙala shi ne, ma'aunin madatsar ruwa na gaskiya yana cikin gidan da ya fi kusa da ita, kuma babu wanda ya fi manazarcin Hausa kayan aikin yin wannan awo. Akwai kuma gaggawa a cikin lamarin. Saurayin da yake da shekara 20 lokacin da ruwa ya fara taruwa a 1974 ya kai 70 tun 2024. Tsarar da ta ga ƙasar Bebeji da Tudun Wada da Rano kafin tafki, ta kuma ga bayansa, tana ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, kowane da ɗakin karatunsa a ka.

Abin da ruwa ya kawo

Adalci ne a fara da alheri. An gina Tiga ne a daidai shekarun da farin 1972 zuwa 1974 ya gigita Arewa da ƙasashen Sahel, don haka burin tara ruwan damina domin amfanin rani buri ne na hankali. Daga tafkin ne babbar magudana take ɗaukar ruwa zuwa Shirin Noman Rani na Kogin Kano, wanda aka tsara kashinsa na farko a kan kadada kusan 22,000 a yankunan Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam, a ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are da aka kafa a 1976. Shinkafar Kura da tumatirin da ake lodi a Kwanar Gafan zuwa kudancin Nijeriya duk 'ya'yan wannan ruwa ne. Ruwan da ake saki ta kogi kuma shi ne yake isa matatar Tamburawa, ya shiga famfunan birnin Kano. A gefen tafkin ma, su ya zama sana'ar shekara, kuma ƙasar da ruwa yake janyewa ya bari da rani ta zama lambu.

An kuma yi nazarin asarar da ta faɗa wa mutanen ƙasa da kogi. Tun bayan Tiga, da madatsar Challawa da aka kammala a 1992, ambaliyar da take raya fadamun Haɗeja da Nguru ta ragu, ciyawar kacala kuma ta toshe hanyoyin ruwa. Binciken da Barbier da Thompson suka wallafa a 1998 ya nuna cewa ribar noman rani a sama ba ta rama abin da manoma da masunta da makiyayan fadama suka rasa ba. Ke nan an auna ribar na Kura, an auna asarar na Nguru. Mutanen da ke zaune a bakin bangon, waɗanda ƙasarsu ce ta zama tafkin, su ne muryarsu ta fi ƙaranci a takarda.

Abin da ruwa ya ci

Murabba'in kilomita 178 a taswira fili ne mai launin shuɗi. A wurin Bahaushen ƙauye kuwa, kowane taƙi nasa yana da suna da mai shi da tarihin yadda ya zo hannunsa. Akwai gandu, akwai gayauna. Akwai gonar gado, da ta aro, da ta jingina, da ta saye, da wadda mai unguwa ya yanka wa baƙo. Dokar ƙasa ta Arewa ta 1962, da ta 1978 da ta biyo bayanta, sun ɗauki ƙasa a matsayin amana a hannun hukuma, don haka diyya ta fi karkata ga abin da aka gina ko aka shuka. Wanda yake noma gonar aro shekara 30, ko matar da take da gayauna a cikin gandun mijinta, da wuya su sami gurbi a irin wannan lissafi. Bambancin aro da jingina da gado bambanci ne na harshe da al'ada, kuma wanda bai san shi ba ba zai gane abin da aka rasa ba.

Haka zancen yake game da itatuwa. Ɗorawa da kaɗanya da kuka da tsamiya ba a cikin rumbun maigida suke ƙarewa ba, a madafa suke ƙarewa. Daga kalwa ake yin daddawa, daga ƙwarar kaɗanya ake yin man kaɗe, kuka tana kaɗa miya, tsamiya tana dama kunu. Waɗannan su ne jarin mace a karkara: da su take yin adashi, da su take tara wa 'yarta kayan ɗaki, da su take yin biki. Idan ruwa ya shanye ɗorawa ɗari, ba a iya dasa madadinsu a sabon mazauni a ci moriyarsu a shekara biyu ko uku. Tambayar da ta dace a yi wa tsofaffin matan yankin ita ce: da me aka maye gurbin wannan jari, kuma shekara nawa aka yi kafin tukunyar miya ta koma yadda take?

Sannan akwai abin da ba shi da farashi ko kaɗan. Maƙabarta, da masallacin da kakanni suka ɗora harsashinsa, da rijiyar da ake kiran unguwa da sunanta, da kukar da yara suke tsoron wucewa ta gindinta da almuru. Hausa tana da kalmar kufai domin garin da aka tashi aka bari, kuma kufai wuri ne da ake iya komawa a nuna wa jika a ce nan aka binne cibiyar ubanka. Garin da ruwa ya rufe ba ya nunuwa. Abin da ya rage masa shi ne sunansa a bakin waɗanda suka zauna a cikinsa. Ga masu nazarin sunayen wurare, wannan taska ce da take da wa'adi.

Ranin da ya sauya hali

Shekarar Bahaushe ta gargajiya tana da ƙafa biyu. Damina ta gona ce. Rani kuwa na gida ne da na gari: lokacin yaɓe da baibaya da gyaran danga, lokacin aure da kaciya, lokacin dambe da kokawa da farauta, lokacin saƙa da ƙira da fatauci, lokacin da malami yake ɗaukar almajirai ya fita, matasa kuma su tafi cin rani. Kusan duk abin da ake koyarwa a darasin al'adun Hausawa game da bukukuwa da wasanni da sana'o'i a kan wannan rabo na shekara aka gina shi.

Inda ruwan Tiga ya kai, wannan rabo ya motsa. Manomin da yake da alkama ko albasa ko tumatir a lambu ba shi da rani irin na kakansa. Yana ban-ruwa a watan da a da ake kiɗan dambe. Kuɗi suna shigowa gidansa a bazara, lokacin da a da rumbu yake ƙarewa. Yankin da matasansa suke fita cin rani ya koma yankin da ake zuwa cin rani. Wannan sauyi ya taɓa gandu a jijiyarsa, domin saurayin da zai iya hayar ɗan fili da injin ban-ruwa ya sami kuɗin aurensa da kansa ba ya buƙatar ya jira uba ya yi masa, kuma ikon maigida a kan 'ya'yansa maza a kan wannan jira ya daɗe yana tsaye. Polly Hill ta bayyana yadda gandu yake a Batagarawa a littafinta na 1972, da yadda yake a Ɗorayi a na 1977. Ƙasar Tiga wuri ne da za a iya ganin abin da ya same shi bayan ruwa ya shiga tsakani.

Mata ma ba a bar su a baya ba. Turarar shinkafa da shanyarta, da yankan tumatir a busar da shi ya zama kauɗa, da suyar kifi da bandarsa, da dafa abincin 'yan ƙwadago, duk ayyuka ne da suka shiga tsakar gida suka sauya tsarin yininta. Tina Wallace da Sam Jackson sun yi bincike a yankin shirin a ƙarshen shekarun 1970, har Jackson ta rubuta maƙala a 1978 a kan yajin aikin da mata 'yan ƙwadagon gona suka yi domin neman ƙarin lada. Da Ingilishi aka rubuta waɗannan ayyuka, domin masu karatu na nesa, kuma kusan rabin ƙarni ya shuɗe a kansu. Jikokin waɗannan mata suna nan, ba a koma an tambaye su da harshensu yadda labarin ya ci gaba ba sai jefi-jefi.

Harshen kansa ya ɗauki alamar ruwan. Jigo ya ba injin wuri. Dam da kanal da kwalbati da eka sun zauna daram a bakin manomi. Masunta suna da birgi da kalli da mamari da taru, suna kuma da gurar da ake kira mali, wadda sunanta kaɗai ya isa ya nuna hanyar da ta biyo ta zo. Tsutsar da ta cinye tumatirin Kano a 2016 ta sami sunanta na Hausa a gona, wato sharon, tun kafin wani kwamitin ƙirƙirar kalmomi ya zauna. Ƙamusun Bargery na 1934 ya riga tafkin zuwa da shekara 40. Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006 kuma ƙamus ne na gama-gari, ba a ɗora masa nauyin bin kowace sana'a lungu-lungu ba. Akwai ƙamus guda na noman rani da su a bakin mutanen Tiga da Kura wanda yake jiran mai rubutawa.

Randa da fitila

Hausawa suna yi wa giginya kirari da cewa na nesa ka sha inuwarta. Duk wanda ya zauna da mutanen garuruwan da ke kewaye da manyan madatsu ya san wannan magana ba ta nisa da bakinsu. Ruwan tafki ɗanyen ruwa ne. Kafin ya zama na sha sai an tace, an tura, an shimfiɗa bututu, an kuma ci gaba da kula da shi, kuma irin wannan jari birni ya fi jan sa. Saboda haka a ƙauyuka da dama na Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, randar gida ta dogara ne da rijiya, ko burtsatse, ko kurar 'yan ga-ruwa, ko kan yarinyar da aka aika rafi. Idan burtsatse ta lalace, kuɗin cefane ne yake raguwa. Idan layi ya yi tsawo, darasin farko na makaranta ne yake wucewa. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa.

Zancen wuta ma bai bambanta ba. Tashar lantarki mai ƙarfin megawat 10 da gwamnatin Jihar Kano ta fara ginawa a Tiga a wa'adin mulki na 2011 zuwa 2015, an tsara ta ne da farko domin matatar Tamburawa da fitilun titunan birni. Babu laifi a wannan buri. Amma haƙƙi ne mai markaɗe da tela da mai sayar da ƙanƙara a garin Tiga su tambayi rabonsu a cikin wutar da ake haifarwa a bayan gidansu, kuma haƙƙi ne a ba su amsa da harshen da suka yi tambayar.

Kwantaccen ruwa yana da nasa baƙi. Sauro yana samun wurin hayayyafa har da rani. Ƙananan katantanwa masu ɗauke da ƙwayar tsargiya suna son gefen tafki da magudanai, inda yara suke wanka, mata suke wanki, masunta suke tsayawa. A nan ma maganar ta dawo hannun masanin al'ada. A wurare da dama na ƙasar Hausa an daɗe ana ɗaukar fitsarin jini ga yaro namiji a matsayin alamar girma, ko abin da zafin rana ya jawo. Ma'aikacin lafiya da bai san wannan fahimta ba zai raba magani ya tafi, yaron kuma ya koma ruwa washegari. Wanda ya san yadda uwa take fassara ciwon ɗanta shi ne zai iya tsara saƙon da zai shige ta.

Akwai kuma fargabar da ba a cika furtawa ba. A watan Agustan 1988 madatsar Bagauda, wadda ba ta da nisa da Tiga, ta ɓalle bayan mamakon ruwan sama. Gidajen da ke ƙasa da babban bango suna kwana da wannan tarihi duk damina. Yadda ake sanar da su idan za a saki ruwa, ta bakin wa, da wace kalma, kuma ko saƙon yana ƙetare zaure ya isa ga matan da ke cikin gida, tambayoyi ne na sadarwa da tsarin sarautar gargajiya, daga hakimi zuwa dagaci zuwa mai unguwa.

Ko wannan aikin manazarcin Hausa ne?

Za a iya cewa ruwan sha da lantarki da diyya batutuwa ne na masana tattalin arziki da zamantakewa da injiniyoyi, kuma sashen Hausa yana da isasshen aiki a nahawu da waƙa da zube. Wannan suka tana da ƙamshin gaskiya, domin mai nazarin harshe ba zai auna laka a gindin tafki ba, kuma bai kamata ya mai da kansa kakakin wata jam'iyya ba. Amma tun asali a kan duwatsun murhu uku aka girka nazarin Hausa: harshe da adabi da al'ada. Idan al'ada ta tsaya ga bayanin yadda ake aure da haihuwa da mutuwa a wani zamani da ba a faɗi shekararsa ba, a wani gari da ba a faɗi sunansa ba, to ta zama kayan gidan tarihi. Kundaye nawa aka rubuta a kan sana'ar su ko noma a ƙasar Hausa cikin sigar da za ta dace da 1920 kamar yadda za ta dace da 2020? Tiga tana ba da abin da irin waɗannan kundaye suka rasa: wuri sananne, da shekara sananniya, da shaidu masu rai da za su ce kafin ruwa kaza ake yi, bayan ruwa kaza aka koma yi.

Wasu al'ummu sun yi irin wannan aiki. Kafin Babbar Madatsar Aswan ta shanye ƙauyukan Nubiyawa a Masar, Jami'ar Amurka da ke Alƙahira ta gudanar da binciken rayuwarsu daga 1961 zuwa 1964. A kwarin Gwembe na Zambiya, Elizabeth Colson da Thayer Scudder sun fara bin gidajen Tonga a 1956, kafin madatsar Kariba ta tashe su, suka ci gaba da komawa shekaru da dama. A gida Nijeriya, Kainji ta shanye tsohuwar Bussa a 1968, rikicin Bakolori na 1980 kuma ya nuna abin da yake faruwa idan koken manomi bai sami kunne ba. Damar rubuta rayuwar ƙasar Tiga kafin ruwa ta wuce. Damar ɗaukarta daga bakin waɗanda suka gan ta tana nan, amma ta kusa rufewa. Littafin Baba of Karo na 1954 ya isa hujja cewa hirar tsohuwa ɗaya, idan aka yi ta da haƙuri, tana iya riƙe tarihin ƙasa guda.

Kammalawa

Aikin bai fi ƙarfin sassan Hausa na Kano da Zariya ba. Kowace shekara ɗalibai suna neman batun kundin digiri, kuma a cikinsu akwai 'yan asalin Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa. A tura su gida da na'urar ɗaukar magana, a raba musu ƙauyuka, kowa ya zauna da dattawa ya rubuto sunayen garuruwa da unguwanni da gonaki da rijiyoyin da ruwa ya rufe, da inda mutanensu suka koma. A tabbatar akwai ɗalibai mata a cikin ayarin, domin rabin labarin yana bayan zaure, inda aka ce ba a shiga. A tattara kalmomin su da na noman rani tare da jimlolin da aka ji su a ciki. A adana muryoyin a cibiyar nazarin harsuna ta Jami'ar Bayero ko Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano, da izinin masu su.

Sannan a mayar wa mutanen abin da aka karɓo daga gare su: a buga shi da Hausa, a karanta shi a rediyo, a miƙa kwafinsa ga hukumar kogi da majalisun ƙananan hukumomi, yadda duk wanda zai sake yanke shawara a kan ruwan Tiga zai yi ta da sanin abin da mai ɗaki ya faɗa game da inda yake masa yoyo. Injiniya ya gama nasa awon tun 1974. Awon da ya rage ana yin sa ne a zaure da tsakar gida, a gaban tsohon da har yanzu yake iya nuna tsakiyar tafki da sandarsa ya ce a can gonar ubansa take.